Limamin Aji Shida

Samaru, Zariya
19 ga Agusta, 2001

Yaya Toma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, da kai da sanyin Gembu da shanun mutane da kake bi kana yi wa allura. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta ɗan sake ta, yau ma da kanta ta taka zuwa coci. 'Yata Peculiar tana gaishe da kawunta, ta ce ka cika alkawarin zuma.

Ka tuna Malam Ejiofor, malaminku na aji shida? Ka san ya rasu bara. Matarsa za ta koma gida, sai ta kira ni ta miƙa mini wani gwangwani mai faɗi, duk ya yi tsatsa. Yaya, fim ɗinku ne na 1978! Na kai wa Okechukwu mai shagon kaset a Sabon Gari. Yana da tsohon majigi, ya haska a bango ya ɗauka mini a kaset ɗin bidiyo.

Babu sauti, launin ma ya koɗe ya koma ja-ja, amma kowa na nan. Ga abokinka Nasir, wanda ya ƙirƙiro labarin don haushin takalminsa da aka sace a ƙofar masallaci. Ga Jafaru a matsayin ɓarawon takalma, yana sanɗa kamar kyanwa. Ga ka nan kai ne liman, don ka fi kowa tsawo, cikin babbar rigar baban Nasir, rawani yana zamo maka kan ido. Kun ja sahu ke nan akuyar nan ta kutso tsakaninku, kowa ya watse yana dariya. A ƙarshe ga ni da giɓina, riƙe da allon da aka rubuta sunayenku da alli. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta sa na maimaita mata sau ba adadi.

Ka zo Kirsimeti mu kalla tare.

Ƙanwarka,
Winifred

Gembu
14 ga Satumba, 2001

Ƙanwata Wini,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da jin ƙafar Mama. Ni lafiya nake, sai ruwan sama da ba ya ɗagawa. Ki ce wa Peculiar zumarta tana nan.

Kin mai da ni yaro. Na tuna Malam Ejiofor ya aro kyamarar ne a wurin wani malamin jami'a, kuma zaren fim ɗin ɗan kaɗan ne, ba damar sake ɗauka. Shi ya sa akuyar ta zauna a ciki. Ya yi ta yi mana ihu mu koma sahu, shi kansa dariya ta hana shi riƙe kyamarar daidai. Na tuna kuma baban Nasir, Malam Babba, shi ya naɗa mini rawanin da hannunsa a zaurensa. Ya kafa mana sharaɗi: mu tsaya a sahu kawai, kada wanda ya karanta komai, kada a kai goshi ƙasa. Ya ce labarin ɓarawo muke yi, ba salla ba.

Amma Wini, bayan na gama dariya sai wani tunani ya zo mini. Kin ji abin da ke faruwa a Jos, kullum kunnena yana kan rediyo. Wanda bai san mu ba, me zai gani a fim ɗin nan? Zai ga yara sun ja sahu suna ƙyalƙyala dariya, akuya a tsakiya, sannan allo ya fito an rubuta "Liman: Toma Dogo". Babu murya da za ta gaya masa sharaɗin Malam Babba. Malam Babba ya rasu, Malam Ejiofor ya rasu, Jafaru ma babu shi.

Don Allah ki karɓo gwangwanin daga Okechukwu, ki tabbata bai ajiye wani kaset ba. Ki kulle su a akwatin Mama. Tun rasuwar mijinki Kevin ba namiji a gidan nan, ku uku ne kawai.

Nasir kuwa, rabona da shi tun bikinki. Na ji ya zama babban malami, yana da makaranta a Hanwa. Ban san ko wane irin mutum ya zama ba.

Yayanki,
Toma

Samaru
2 ga Oktoba, 2001

Yaya Toma,

Muna gaisuwa. Jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba a kwance ba. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, ta iso bayan abin da kake gudu ya riga ya faru.

Gwangwanin yana hannuna tun tuni, amma ashe Okechukwu ya yi wa kansa kaset ɗaya. Ba da mugun nufi ba, shi dariya kawai abin ya ba shi. Ya riƙa sa shi a talabijin ɗin shagonsa mai kallon titi, masu wucewa suna tsayawa. Ranar Laraba wasu samari suka tsaya suka kalla har ƙarshe, ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Ɗaya ya sa aka mayar baya, ya karanta allon da ƙarfi. Okechukwu ya ce da ya ga idonsu sai ya zare wayar wuta ya ce NEPA ce. Da yamma ya kawo mini kaset ɗin, ya ce, “Anti, abeg, ki ɗauke wannan abu daga wurina.” Tun ranar shagonsa a rufe yake.

Yanzu maganar ta cika gari, kuma ta canza kama. Wai bana aka yi fim ɗin, wai a cikin coci aka shirya shi, wai da gangan aka saki akuyar. Hajiya mai awara da nake saye a wurinta shekara da shekaru, na gaishe ta ta kau da kai. A makarantar da nake koyarwa, ina shiga ɗakin malamai hira take mutuwa. Shekaranjiya wasu mutum biyu a kan babur suka tsaya a bakin layinmu suna tambayar ina ne gidan su Toma Dogo. Mai shagon kusa da mu ya ce bai sani ba, amma har yaushe? Kowa a layin nan ya san Mama Dinatu.

Fasto ya ce mu tafi bariki wurin Nelson, sojan nan ɗan Kawu, mu ɗan kwana biyu. Mama ta ce ba inda za ta, a gidan nan ta haife mu. Na hana Peculiar zuwa makaranta. Takardunmu na ɗaure a leda, suna ƙarƙashin matashina. Ko babur ya tsaya a waje sai na leƙa ta taga.

Ka sa mu a addu'a.

Winifred

Samaru
6 ga Oktoba, 2001

Yaya,

Muna lafiya. Ina sauri, direban da zai kai kaya Jalingo yana jirana a tasha, zai ba wa na Gembu.

Nasir ya zo gida yau da mutane, sun cika tsakar gida. Ya karɓi kaset biyun da gwangwanin. Ya tambayi inda kake, ya nanata. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa za a yi ta ta ƙare.

Kada ka zo. Ko me ka ji, kada ka zo.

Wini

Gembu
9 ga Oktoba, 2001

Wini,

Ina gaishe ku, in har wannan ta same ku a gida. Wasiƙunki biyu tare suka iso yau. Na karanta ta biyun a tsaye a tasha.

Nasir! Shi da ya ƙirƙiro labarin da bakinsa, shi ne yau ya kwaso mutane ya shigo wa uwata gida? Ya karɓe kaset ɗin don kada a ga fuskarsa a ciki, ya bar sunana a bakin mutane. Har ya sa muku rana. Yaron da muka ci tuwo a kwano ɗaya.

Na so in hau mota yanzu, amma na gane abin da kike nufi. Ni suke nema, in aka gan ni a layin nan ni zan jawo muku su. Sai na je ofishin da ke da oba-oba, rediyon nan na aika saƙo, na roƙe su suka aika wa Nelson saƙo a bariki. Na ba shi sunan Nasir da unguwarsa, na ce shi ne kan gaba, kuma Juma'a za su far muku. Na ce ya yi duk abin da zai iya kafin ranar.

Ki ɗauki Mama ko tana so ko ba ta so. Ki bar kaya, ki bar komai.

Toma

Gembu
21 ga Oktoba, 2001

Wini,

Ina gaisuwa, ban san wa nake gaisarwa ba. Juma'ar ta wuce, wata ma ta wuce, ban ji komai ba. Kullum ina tasha ina duba fuskar direbobi. Na koma wurin masu oba-oba, aka ce Nelson ba ya samuwa, ba a faɗi dalili ba. Rediyo bai ambaci Zariya ba, amma ba kowane gida da aka ƙona ake faɗa a rediyo ba.

Jiya na je rugar wani Bafulatani yin allura, na tsaya da sirinji a hannu na manta abin da ya kawo ni. Sai da mutumin ya taɓa kafaɗata ya ce, “Likita, lafiya?”

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ko ki sa Peculiar ta rubuta sunanta kawai a takarda, in ga hannunta. In ban ji daga gare ku ba zuwa ƙarshen wata, zan taho, duk abin da zai faru ya faru.

Toma

Samaru
27 ga Oktoba, 2001

Yaya Toma,

Muna raye, mu uku duka, kuma gidan yana nan. Mama tana gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun iso. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara, kuma gaskiya ina fushi da kai, ina fushi da hannuna da ya rubuta maka layi huɗu cikin sauri.

Yaya, mutanen da Nasir ya zo da su dattawa ne. Akwai limamin unguwarsu, akwai wan marigayi Jafaru, akwai mai unguwa. A kan tabarma suka zauna, suka gaishe da Mama da ladabi. Nasir ya ce mata, “Mama, labarin nan nawa ne, rigar ta babana ce. In akwai laifi ni zan fara ɗauka.” Shirinsa shi ne bayan sallar Juma'a ya tara manya da shugabannin samari a makarantarsa, ya nuna musu fim ɗin, ya yi bayani da bakinsa, maganar ta mutu. Abin da yake nufi da a yi ta ta ƙare ke nan. Ya tambayi inda kake ne don yana so ka tsaya kusa da shi a ranar. Ni ce na ce masa ba za ka zo ba, don ina tsoron hanya.

Ranar Alhamis da safe Nelson ya je Hanwa da abokansa biyu, ba da izinin kowa ba. A gaban ɗalibansa suka fizgo Nasir suka jefa a mota.

Ban san an yi ba. Ina wanke-wanke na ji ana jan ƙofofin shaguna ana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin titi. Na leƙa, na ga ɗaliban jami'a masu haya a layinmu suna gudu da jakunkuna. Can sai na fara jin wata irin ƙara daga nesa, kamar ta filin ƙwallo, tana matsowa. Na tura Peculiar ƙarƙashin gado. Mama ta zauna a kujerarta ta buɗe Littafi Mai Tsarki, amma na ga a kife take riƙe da shi.

Aka buga ƙofa. Na ɗauki taɓarya, ban ma san me zan yi da ita ba. Sai na ji muryar mace: “Winifred, ki buɗe, Naila ce, matar Malam Nasir.”

Ta shigo ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ta ce, “Ɗan'uwanku soja ya tafi da mijina. Ana cewa ku kuka sa a kashe shi. Suna haɗuwa a bakin kasuwa, dattawa suna tare su amma ba za su iya daɗewa ba. In ba a gan shi da rai kafin la'asar ba, ba ku kaɗai ba, layin nan gaba ɗaya zai tafi.”

Mama ta rufe Littafin ta ce, “Ɗauko mini gyalena.”

Mun bar Peculiar a gidan Hajiya mai awara. Naila ce ta kai ta, Hajiyar ta karɓe ta, ta tura ta ɗaki ta ja labule. Da ƙyar muka sami mai tasi, sai da Naila ta haɗa shi da Allah. A hanya mun wuce samari riƙe da gora da jarkoki. Ɗaya ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya dubi sarƙar gicciyen da na manta ban cire ba. Naila ta ɗora hannunta a kan ƙirjina ta ce, “Asibiti za mu, ka ba mu hanya.” Har yau in na rufe ido ina ganin fuskar yaron nan. Na koyar da shi a aji uku.

A ƙofar bariki Mama ta ƙi motsawa sai da aka kira Nelson. Ya fito yana cewa, “Mama, ku kwantar da hankali, na riƙe shugabansu.” Ba ta bari ya rufe baki ba ta kwaɗa masa mari a gaban na ƙofa. Ta ce, “Yaron da ya zo ya tsare mini gida shi ka ɗauka? Fito mini da shi.” Hayaniyar ta jawo wani babbansu. Da ya ji yadda aka yi, ya sa aka kawo Nasir, aka wuce da Nelson ciki. Shi ya sa ba ka same shi ba, har yanzu yana tsare.

Yaya, da ƙyar na gane Nasir. Fuskarsa ta kumbura, jini ya bushe a kunnensa na hagu har wuya. Naila ta fasa kuka. Shi kuwa ruwa ya nema, ya wanke fuska, ya juya rigarsa ciki ya koma waje don kada a ga jinin. Ya ce wa mai tasi, “Bakin kasuwa.” Na ce asibiti dai. Ya ce, “In suka gan ni a gadon asibiti, an gama.”

Da muka isa ban ga ƙarshen mutane ba. Suka yanyame motar suna dukan gilashi, sai da suka ga wanda ke fitowa. Ya dafa ƙofa ya hau kan bonet. Ya ce, “Ga ni, ban mutu ba. Kuskure aka yi, kuma tsohuwar nan da ke cikin mota ita ta je ta fito da ni. Wanda ya taɓa gidanta ni ya taɓa. Mai son ganin fim ya zo gobe.” Wani ya yi ihu, “Waye ya fasa maka fuska?” Ya ce, “Fuskata ce, ni zan bi hakkinta.” Ba su watse nan take ba. An jefi motar, gilashin baya ya zube a cinyar Mama. Amma aka kira la'asar, dattawa suka riƙa jan mutane, taron ya rage.

Washegari aka yi zaman. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce Kirista, ina bakin ƙofa. Aka sa kaset, ɗakin tsit. Da akuyar ta shigo ba wanda ya ko murmusa. Nasir yana tsaye gefen talabijin yana faɗin sunan kowane yaro da na ubansa. Sai wani tsoho ya ce a tsaya, a mayar baya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya nuna wani mutum a gefe, jingine da bishiyar darbejiya. Ya ce, “Wannan ai Malam Babba ne.” Mu duk kallon da muka yi a gida ba mu lura da shi ba. Da yawansu a wurinsa suka yi karatu. Sun san ba zai tsaya a yi wasa da salla a gabansa ba. Daga nan fuskoki suka fara sakewa.

Duk da haka liman ya ce abin da ya kusa cin rayuka bai kamata ya kwana a gari ba, a ƙona. Suka dube ni, tunda nawa ne. Na ce a ƙona. A tsakar makarantar aka cinna wa kaset biyun da zaren wuta. Ban yi kuka ba sai da na dawo gida.

Ba kowa ya gamsu ba. Har yanzu akwai masu tofar da yawu in na wuce, kuma ban mayar da takardunmu akwati ba. Okechukwu ya kwashe kayansa ya bar gari. Likita ya ce kunnen Nasir na hagu ba zai ƙara ji ba.

Kuma ya sani, Yaya. Tun a mota Nelson ya karanta masa saƙonka, da sunanka a ƙasa.

Jiya na kai masa ɗan abin dubiya. Na gaya masa yadda na rubuta da yadda ka fahimta, na ce kana can ba ka ci ba ka sha. Sai ya ce, “Toma ya yarda zan iya ƙona gidan Mama.” Na tambaye shi ko kana iya zuwa. Bai ce ya yafe ba, kada in yi maka ƙarya. Abin da ya ce shi ne, “Ya zo da rana, ya shigo ta ƙofar da kowa ke gani. In ya zo ya zauna ta hannuna na dama, don ta nan kawai nake ji yanzu.”

Ka nemi izini a wurin aiki ka taho. Ni zan raka ka har zauren, amma daga nan kai kaɗai za ka shiga.

Ƙanwarka,
Winifred